Idan Haƙori Ya Fita a Filin Ƙwallo

Ina horar da yara ƙwallo a wani fili ta wajen Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Wata ranar Asabar, wani yaro ɗan shekara 11 ya yi karo da mai tsaron gida, haƙorinsa na gaba ya fita ɗungurungum. Na tsince shi cikin yashi, na goge tas da gefen rigata, na naɗe a takarda. Sai bayan la'asar muka isa asibiti.

Likitan ya buɗe takardar, ya dube ni. "Malam, da ka kawo shi cikin madara tun da safe, da akwai sa rai."

Yaron yana nan da giɓinsa. Ga abin da na koya tun ranar.

Ka kama haƙorin ta kansa, wato farin da ake gani idan an yi dariya. Kada yatsanka ya taɓa saiwar, don akwai wasu ƙwayoyin halitta masu rai a jikinta, su ne ke sa ya sake kamawa. Su ne na kashe da rigata. In da ƙasa a jiki, ɗauraye shi kaɗan da madara ko ruwa mai tsabta, ban da dirzawa, ban da sabulu. In yaron zai jure, mayar da haƙorin raminsa a hankali, ya cije kan tsumma mai tsabta. In ya ƙi, tsoma shi cikin madarar ruwa. Babu madara? Ya tofa yawunsa a kofi, a jefa ciki. Ajiye shi cikin ruwa zalla yana lalata saiwar, nono mai tsami ma bai dace ba. Daga nan sai sashen haƙori na asibiti, cikin minti 30 zuwa awa ɗaya. A bar zancen "bari babansa ya dawo daga kasuwa".

Amma fa wannan na haƙorin dindindin ne. Na ƙaramin yaro da bai yi famfara ba, ba a mayar da shi, don zai iya ɓata wanda ke tahowa a ƙasa. A danne wurin da auduga har jini ya tsaya, a kai shi a duba.

Ciwon haƙori na tsakar dare kuwa, kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a sha farasitamol, kanumfari ma yana lafar da zugi. Lafarwa ce kawai, kogon yana nan yana jiran likita. Masu danna asfirin a kan dasashi suna ƙona naman ne. Masu ɗiga ruwan batir ko fetur, Allah ya shirye su. Idan kunci ya kumbura, ga zazzaɓi, ko haɗiyar yawu ta gagara, ba a jiran gari ya waye.

Riga-kafin kowa ya san shi: asuwaki, da buroshi da man goge baki safe da dare, a rage alawa da lemon kwalba. Yarana dai na kafa musu doka, duk wanda na kama yana buɗe kwalba da haƙori zai zagaya fili sau biyar. A jakata kuma, kusa da usur, kullum akwai auduga da ƙaramin kofi mai murfi, mai shayin bakin titi ya riga ya san dalilin da zai sa in aiko yaro da gudu.