Ɗaurin Bakin Kwanso da Zaɓen Albarushi ga Bindiga Mai Liba

Bindiga mai liba, wato wadda ake ɗana ta da hannun ƙarfe da ke ƙarƙashinta, irin su Winchester 1894 da Marlin 336, tana jera harsasanta ne a bututun da ke ƙarƙashin hancinta (bututun da harsashi ke fita), kan wannan na tokare da gindin wancan, sifirin kuma na turo su baya. Duk sa'ad da aka harba, naushin bindigar sai ya gwara su da juna. In bakin kwanso, wato ɓawon tagullar da ke ɗauke da albarushi, bai riƙe ƙwayar harsashi gam ba, ƙwayar za ta nutse ciki, wurin albarushi ya ragu, matsi ya haura abin da aka tsara. Don haka mai ɗura wa irin wannan bindiga harsashi da kansa, a inda doka ta yarda, ba shi da zaɓi game da ɗaurin baki, wato matse bakin kwanso a jikin ƙwaya. Dole ne.

A fara da ƙwaya. Mai tsini ba ta shiga bututun, domin tsininta na zama daidai kan firaimar na gabanta, wato ɗan maɓallin gindin kwanso mai kunna albarushi, kuma naushi ɗaya na iya tayar da su a jere. Mai faffaɗan kai ake sawa, ko ƙwayar FTX ta kamfanin Hornady mai tsinin roba mai laushi. A tabbata tana da tsagi kewaye da jikinta, don nan ne bakin kwanso zai kwanta. Firaima kuwa ta shige ƙasa da gindin kwanso da kamar inci 0.003 zuwa 0.005. A shafa da yatsa a ji.

Yawancin ɗaurin da ya lalace, tun daga tsawon kwanso ya lalace. Dayis, wato ƙarfen da ake tura kwanso cikinsa ya naɗe baki ciki, yana tsayawa ne a wuri guda, bai san wane kwanso ne dogo ba. Gajere zai fito ba ɗauri, dogo kuma ya sha matsa har kafaɗarsa ta lotsa ko wuyansa ya kumbura, sannan ya ƙi shiga ɗakin harsashi. Kwanson harsashi samfurin .30-30 da na .44-40 suna da siririn wuya, ba sa haƙuri da wannan ko kaɗan. Iyakar tsawon kwanson .30-30 inci 2.039 ne, ana datse shi zuwa wajen 2.029. Na .45-70 iyakarsa 2.105, ana datsewa zuwa 2.095, amma in ƙwayar FTX ce sai a koma 2.040, in ba haka ba harsashin ya yi wa bindigar tsawo. A datse duka daidai wa daida, a kankare kaifin bakin ciki da waje.

Zaunar da ƙwaya da ɗaure baki a raba su, kowanne da zagayensa. In aka haɗa, bakin na rufewa alhali ƙwaya na kan sauka, sai ya kankare dalma ko ya murɗe kwanso. Da farko a ɗaga dayis yadda ba zai taɓa baki ba, a zaunar da ƙwaya har bakin ya kai saman tsagi, ana ganin ɗan siririn layinsa kawai. Sannan a janye sandar zaunarwa, a sauko da dayis har ya taɓa baki, a riƙa ƙara kashi ɗaya cikin takwas na juyi ana dubawa. Ɗauri mai kyau, in ka ja farce daga ƙwaya zuwa kwanso, zai wuce sumul ba tare da ya maƙale ba. Dayis ɗin ɗauri mai suna Lee Factory Crimp Die na harsasan raifil yana matsowa ne daga gefe da yatsu huɗu, shi ya sa yake yafe ɗan bambancin tsawo kuma ba ya lotsa kafaɗa. Ga .30-30 ya fi sauƙin sha'ani.

Amma ɗauri ba ya gyara sakakken wuya. Ya kamata cikin wuyan ya fi ƙwaya ƙanƙanta da kamar inci 0.002 tun kafin a zaunar. Ƙwayar da ke juyawa da yatsu bayan ɗauri, laifin na sandar faɗaɗa wuya ne ko gajiyar tagulla, kuma ƙara matsawa sai ya ƙara sassauta ta. Gwaji ba wuya: haɗa guda ɗaya ba albarushi ba firaima, auna tsawonsa, tokara kansa da teburi da ƙarfi, sake aunawa, sannan a zagaya shi ta liba. A filin harbi kuma a auna wanda ya fi daɗewa a bututu bayan an harba sauran. Iyakar tsawon .30-30 da .45-70 duka inci 2.550 ne, kuma wuce shi kaɗan na cije liba.

Batun albarushi, adadi daga littafin ɗuri na kamfanin albarushin ko na ƙwayar ake ɗauka, daidai da nauyin ƙwayar, a fara daga mafi ƙanƙanta, a hau da rabin giren (ma'aunin nauyin albarushi). Ga .30-30 masu matsakaicin saurin ci ne ke aiki: IMR 3031, H4895, Winchester 748, ko LEVERevolution na Hodgdon. Ga .45-70 akwai IMR 4198 da Reloder 7, sai Accurate 5744 ga sassauƙan ɗuri da ƙwayar dalma. A lura littattafai na raba ɗurin .45-70 gida uku bisa ƙarfin bindiga: tsohuwar Springfield ta 1873, Marlin 1895, da Ruger No. 1. Teburin Ruger ba na mai liba ba ne. Haka Winchester 1873 da kwafinta, makullinsu ba shi da ƙarfi, ba a matsa musu.

A .357 da .44 Magnum ne ɗauri da albarushi suka fi haɗuwa. H110 da Winchester 296 albarushi ɗaya ne a gwangwani biyu. Suna son kwanso kusan cike, firaimar magnum, da ɗauri mai nauyi da zai riƙe ƙwaya har wuta ta kama sosai. Ba a rage su ƙasa da abin da littafi ya ce, domin suna iya ƙin kamawa su bar ƙwaya a maƙale cikin hanci. Mai son rage ƙarfi ya koma albarushin 2400 ko Unique. Sai dai masu saurin ci irin Unique kaɗan ake zubawa, kwanso na ɗaukar zubi biyu ba a lura ba, don haka a haska tocila cikin kowane kwanso kafin a ɗora ƙwaya.

Kada a jira alamar matsi a fuskar firaima. Iyakar matsin .30-30 psi (ma'aunin matsi) 42,000 ne, na .45-70 kuwa 28,000, kuma ana iya zarce su firaima na nan kamar ba abin da ya faru. Na'urar auna gudu ta fi gaskiya: gudu ya kai na littafi, a tsaya. Liba ta fara tauri wajen buɗewa, an riga an wuce. Sakatar waɗannan bindigogi daga baya take kullewa, tana ɗan ba da kai, kwanso na miƙewa. Kafin kowane sabon ɗuri a zura lanƙwasasshiyar waya a ciki. In ta kama rami kusa da gindi, a murƙushe kwanson a jefar.