Yadda ake zaɓen jirgi da zango daga Yamai zuwa Amurka ko Kanada

Babu jirgin da ke tashi daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai ya sauka kai tsaye a Niu Yok ko Mantiriyal. Dole a yada zango a wani wuri, kuma a zangon nan tafiya ke gyaruwa ko ta lalace. Shi ya sa in wani ya zo min da farashi uku a waya yana tambayar wanne ya fi arha, nakan ce ya fara nuna min garin da zai sauka a hanya.

Mataki na farko, ka san ƙofofin da ke buɗe. Tun da Air France ta daina zuwa Yamai a 2023, hanyar Paris da iyayenmu suka saba ta toshe, aka fi komawa ga uku. Akwai Kasablanka da Royal Air Maroc, wadda ta fi miƙewa: kamar awa huɗu zuwa Maroko, sannan kusan awa takwas a kan teku zuwa Niu Yok, Washinton ko Mantiriyal. Akwai Istanbul da Turkish Airlines. Wannan zagaye ne, don sai ka yi gabas kafin ka juyo yamma, kuma daga Istanbul zuwa Niu Yok kaɗai ya kai awa goma ko fiye, amma kamfanin na sauka a garuruwan Amurka da yawa. Ta uku ita mutane suka fi mantawa: jirgin kamfanin ASKY ya kai ka Lome, ka hau Ethiopian zuwa Newark, wadda ke gefen Niu Yok. Jadawali yana canzawa da lokaci, don haka a duba ranakun da kowanne ke tashi kafin a tsai da ranar tafiya.

Na biyu, ka dubi inda za ka kwana a ƙarshe. Wanda zai je wajen 'yan uwa a garin Greensboro na Amurka, inda 'yan Nijar suke da yawa, bai gama ba don ya isa Niu Yok, akwai sauran jirgin cikin gida. A nan ƙawancen kamfanoni ke amfani. Royal Air Maroc ta shiga Oneworld a 2020, ƙungiya ɗaya da American Airlines. Turkish da Ethiopian kuwa suna Star Alliance tare da United da Air Canada. In an haɗa maka tafiyar cikin ƙawance ɗaya, ya fi sauƙi a samu tikiti ɗaya tun daga Yamai har ƙarshe.

Tikiti ɗaya. Wannan shi ne mataki na uku, kuma nan zan ɗan tsaya. Bara waccan ƙanwar mahaifiyata ta taso daga Tawa za ta je ganin jikarta. Wani mai sayar da tikiti ya rage mata kuɗi masu kauri, ta yi ta sa masa albarka. Da ta miƙo min takardun a tsakar gida, sai na ga lambobin ajiyar wuri biyu, kowace da kamfaninta, tsakaninsu awa biyu da rabi.

Na ce, “Inna, wannan ai tikiti biyu ne.”

Ta ce, “To ɗana, ba duk jirgi ba ne?”

Jirgin farko ya yi lattin awa uku. Na biyu ya tashi ya bar ta, kuma kamfaninsa ya ce bai san da zamanta ba, tunda a wajensu fasinja ce da ba ta zo ba. Sai da muka yi karo-karo aka sayi sabon tikiti, ita kuwa ta kwana a kan kujera da carbinta da butarta babu ruwa. Da tikiti ɗaya ne, kamfanin ne zai nemo mata wani jirgin ba tare da ta ƙara ko dala ba, kayanta ma su bi ta da kansu. Don haka ka tambayi mai sayarwa kai tsaye: lambar ajiya ɗaya ce? Akwatina zai wuce har ƙarshe? In ya fara kame-kame, ka tashi.

Na huɗu, biza ta hanya. Amurka ba ta da tsarin zama a fili a jira jirgi ba tare da an shiga ƙasa ba. Duk wanda ya sauka can, ko da Kanada ya nufa, sai ya wuce gaban jami'an shige da fice, ke nan sai da bizar Amurka. Mai zuwa Mantiriyal ya guji duk tikitin da ya biya ta Niu Yok ko Washinton komai arharsa. Turai ma akwai tarko: in tikitin ya sauka a garuruwa biyu na yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, misali Burasel sannan Farankfut, jirgin da ke tsakaninsu na cikin gida ne, sai da bizar Shengen. Kuma kada a biya kuɗin tikitin da ba a mayarwa kafin bizar ƙasar da za a je ta fito a fasfo.

Na biyar, tsawon jira. Ni ba na yarda da ƙasa da awa uku a zangon farko. Filin Istanbul, wanda aka koma cikinsa a 2019, gari ne guda, kana iya tafiyar minti ashirin kafin ka ga ƙofarka, ga kuma ƙarin binciken da ake yi wa masu zuwa Amurka a bakin ƙofar. Dattijo ko mai ciwon gwiwa a nema masa keken turawa tun ranar sayen tikiti, kyauta ne, kuma mai turawar ya san hanya. In jiran ya zarce awa goma, a tambayi kamfanin ko yana ba da masauki, da ko fita zuwa masaukin na buƙatar biza. A garin farko da ka sauka a Amurka kuma, yawanci sai ka ɗauki akwatinka ka wuce kwastan ka sake miƙa shi, don haka can ma a bar awa uku, a ƙara in tsakanin Disamba da Fabrairu ne, lokacin da dusar ƙanƙara ke hana jirage tashi.

Sai yanzu za a dubi farashi, kuma a haɗa da kaya. Yawanci akwati biyu ne masu kilo 23 kowanne, amma akwai tikiti mai rahusa da ke ba da ɗaya, kuɗin na biyun ya cinye ragin. A karanta kuɗin canza rana ma. Kilishi dai a haƙura, duk daɗinsa: Amurka da Kanada ba sa barin a shiga da nama irin wannan. Sauran abinci, kuka ko yaji ko busasshiyar kuɓewa, a faɗa wa kwastan da baki, ɓoyewa ce ke jawo tara.

Mai tasowa daga Tawa, kilomita ɗari biyar da ɗoriya ne ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kada ya hau mota ranar da jirginsa zai tashi. Ya iso Yamai da kwana ɗaya a hannu, katin rigakafin shawara na cikin fasfo. A kuma lura da agogon da ke kan tikiti: jirgin da aka rubuta 02:40 ranar Laraba, daren Talata ake zuwa fili.