Yadda za ka sa Docker ta amince da satifiket ɗin da ka sa wa hannu da kanka

Jiya wuni guda na ɓata a wani ofis nan Damagaram, kwantena (akwatin da Docker ke gudanar da manhaja a ciki) ta ƙi yarda da sabarmu, sai kukan x509 take yi, wato ba ta amince da satifiket ɗin ba.

Da farko fitar da satifiket ɗin a tsarin PEM (tsarin ajiye satifiket a matsayin rubutu), sunan fayil ya ƙare da .crt, in ba haka ba Debian, Linux ɗin da ke cikin kwantenar, ko kallonsa ba za ta yi ba, nan ni na maƙale wallahi. Sai cikin Dockerfile, fayil ɗin umarnin gina kwantenar, ka kwafe shi zuwa /usr/local/share/ca-certificates/ ka biyo da RUN update-ca-certificates. In Linux ɗin kwantenar Alpine ce ba Debian ba, fara da apk add ca-certificates.

Node kuwa, mai gudanar da JavaScript, jerin satifiket ɗin da ya amince da su daban ne, nuna masa fayil ɗin da NODE_EXTRA_CA_CERTS. Sake gina kwantenar ka gwada kiran sabar da umarnin curl, amma don Allah ɗan'uwa ban da -k, wannan kashe binciken satifiket ɗin yake yi gaba ɗaya.