Yadda ake haɗa doguwar sifika da talabijin a falo

Talabijin na yanzu ya yi siriri har babu wurin sifika mai ƙarfi a cikinsa, shi ya sa muryar mai karanta labarai ke fita kamar daga cikin gwangwani. Doguwar sifikar nan da ake ajiyewa a ƙasan talabijin tana magance wannan, kuma haɗa ta ba wuya.

Da farko ka cire komai daga soket. Ka ajiye sifikar daidai tsakiya, a bakin teburi. Kada ka tura ta cikin kabad, sautin zai shaƙe, kuma ka lura kada ta tare idon rimot.

Sai ka leƙa bayan talabijin. Cikin ramukan HDMI akwai wanda aka rubuta ARC ko eARC a gefensa, shi ne ke tura sauti zuwa sifika, a cikinsa za ka soka wayar HDMI da ta fito daga sifikar. A nan mutane da yawa ke kuskure, su soka wayar a ramin da ke kusa da shi, su ce an sayar musu da lalataccen kaya. In talabijin ɗin ba shi da ARC, ka yi amfani da wayar oftikal, amma ka cire 'yar hular robar da ke bakinta tukuna.

Yanzu ka kunna, ka shiga saitin sauti, ka zaɓi sifikar waje. In da HDMI ka haɗa, ka buɗe saitin CEC, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG kuma SimpLink, don rimot ɗaya ya riƙa ƙara murya da rage ta. In ka ji shiru, koma saitin sauti ka mayar da tsarin sautin zuwa wanda aka rubuta PCM.

Inda wuta ke yawan rawa, ni ba na yarda a jona ta kai tsaye, sai ta bayan sitabilaiza.