Yadda ake karanta alƙaluman ɓarin ciki ba tare da sun ruɗa mutum ba

In ka ga an ce yanki kaza ya fi yanki kaza yawan ɓari, dakata tukuna kafin ka yaɗa. Abu na farko, tambayi inda suka ja layi tsakanin ɓari da haihuwar jariri ba rai. A Amurka cikin da ya zube kafin sati 20 shi ne ɓari, a Ingila sai sati 24, ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya in za ta kwatanta ƙasashe daga sati 28 take fara lissafin jaririn da aka haifa ba rai. Ka ga kenan rashi ɗaya, suna daban daban.

Na biyu kuma shi ya fi damuna wallahi, waye ya ƙirga? Mujallar likitoci ta Lancet a 2021 ta kiyasta ɓari miliyan 23 duk shekara a duniya, wajen kashi 15 cikin 100 na cikin da aka san da shi, to riƙe kalmar nan, wanda aka SAN da shi. Inda mace ke yin gwajin fitsari da zarar al'ada ta yi jinkiri, ta je awo da wuri a yi mata sikanin, ɓarinta zai shiga takarda, amma inda asibiti ke da nisa sai jini ya ɓalle a wata na biyu ta ɗauka al'ada ce ta makara, ko ta sani sarai amma kunya da gorin mutane su sa ta yi shiru, ba wanda zai rubuta, alhali yawancin ɓari a wata uku na farko yake faruwa. Don haka ƙaramin adadi ba lallai yana nufin sauƙi ba, sau da yawa rashin mai ƙirgawa ne.

Sai ka duba shekarun iyayen. Wani bincike a Norway a 2019 ya nuna haɗarin wajen kashi 10 ne ga 'yan shekara 25 zuwa 29, amma ya haura kashi 50 daga shekara 45. Ƙasar da ake jinkirta haihuwa adadinta zai hau ko da asibitocinta na da kyau. Inda sauro ya yi yawa kuma zazzaɓi na taka rawa, haka tunjere da ciwon suga da ba a kula da shi ba. Kusan rabin ɓarin da ke faruwa a farkon ciki dai matsalar ƙwayoyin halittar ɗan tayi ce, ba laifin uwar ba ne, a daina ɗora mata don Allah.

Batun ko ɓari na rage yawan jama'a kuwa, ɓarin da ke faruwa a farkon ciki ba ya rage haihuwa sosai, 'yan watanni yake ƙarawa a tazara tunda galibi mace na sake samun ciki. Inda yake cizo shi ne wurin wadda ta fara neman haihuwa a makare, kowane ɓari na cinye mata lokacin da ba ta da shi, wata har ta tsaya a ɗa ɗaya alhali uku ta so.