Yadda ake ziyartar filin wasan Rumawa na El Jem daga Bauchi ko Gombe

Ba sai an je Italiya ba kafin a ga filin wasan Rumawa. A garin El Jem na ƙasar Tunisiya akwai wanda aka gina da zallar dutse wajen shekarar 238 miladiyya, lokacin da garin ke tashen arzikin man zaitun. Tsawonsa mita 148, faɗinsa 122, yana cin 'yan kallo kusan 35,000. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1979.

A fara da neman biza a ofishin jakadancin Tunisiya da ke Abuja, kada a biya kuɗin tikitin da ba a mayarwa sai ta fito. Jirgi daga Abuja ko Kano za a kama, galibi a yada zango a Alƙahira, Kasablanka ko Istanbul. A riƙe dala ko yuro a canza can, a adana rasit, domin doka ta hana fita da dinarin ƙasar, kuma da rasit ɗin ake mayar da ragowar.

Inda mutanenmu ke tafka kuskure shi ne lokaci. Yuli da Agusta, sa'ad da Gombe ke shan ruwan damina, can zafin bazara ake yi, ga dutse ya ɗau rana, ga tsakar filin babu inuwa. Maris zuwa Mayu ko Oktoba sun fi, a kuma yi sammako.

Daga Tunis, babban birnin ƙasar, zuwa El Jem tafiyar kilomita 200 ce ko kusa da haka. Jirgin ƙasan da ke zuwa Sfax yana tsayawa a El Jem, daga tasha kuwa da ƙafa ake ƙarasawa. Akwai kuma motocin haya da suke kira luwaj, sai sun cika suke tashi, kamar dai a tashar Muda Lawal.

In an shiga, a fara sauka ƙarƙashin ƙasa tun ƙafa ba ta gaji ba. Akwai zauruka biyu da suka gitta juna, da ɗakuna jere a gefe, a zamanin Rumawa nan ake tsare namun daji da mayaƙa kafin a fito da su fili. Daga nan sai hawa. Matakalan dogaye ne, sawu ya cinye su sun yi santsi, saboda haka silifas ba nasu ba ne. A sa takalmi mai kama ƙasa, mai babbar riga ya tattare ta. Daga sama za a ga gefen da ya rufta: a 1695 aka fasa shi da igwa don fatattakar 'yan tawayen da suka fake ciki, daga baya mutanen gari suka riƙa kwasar duwatsun suna gini.

Kada a jefar da tikiti a ƙofar fita. Da shi ake shiga gidan tarihin garin, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa, inda aka ajiye daɓen ƙananan duwatsu masu launi da aka tono daga gidajen attajiran wancan zamani.