Yadda za ka yi amfani da elusory ba ka rikita ta da illusory ba

Ƙanina mai shirin WAEC ne ya kawo min kalmar nan shago a Agege jiya da daddare, ya ce Yaya duba, illusory suka so rubutawa suka yi kuskure. Na ce a'a, elusory kalma ce mai zaman kanta, kawai dai ba a cika amfani da ita ba, 'yar'uwarta elusive ce ta fi yawo a bakin mutane kuma ma'anarsu ɗaya.

To ga yadda za ka riƙe ta. Ka tuna tarwaɗa a cikin baho, kana ganinta da idonka, ka kai hannu ka damƙa ta sulɓe. Duk abin da yake nan da gaske amma ya ƙi kamuwa, ko ya ƙi fahimtuwa, ko kana neman tuno shi yana zille maka, shi ne elusory. Kamar kwastoman da ya ɗauki buhun albasa bashi a kasuwar Mile 12, ka kira ya ce yana cikin goslo a Oshodi, ka je gida a ce yanzun nan ya fita, mutumin yana nan lafiya lau amma ba ka isa ka riske shi ba. Illusory kuwa kawalwalniya ce, ruwan da kake hangowa a kan kwalta da tsakar rana, ka isa wurin babu ko ɗigo. Don haka kafin ka rubuta ka tambayi kanka, abin nan akwai shi ko babu? In akwai shi yana gudu ne, da harafin "e" za ka fara, da "l" guda, in babu shi sam, "i" ce da "l" biyu. Kar ka dogara da kunne don wallahi furucinsu kusan ɗaya ne, ilusori.

Asalin elusory Latin ne, eludere, daga ludere wato yin wasa, tushe ɗaya da ludo ɗin da yara ke bugawa, ka ga abin wasa yake maka da hankali.

Sifa ce, kafin suna take zuwa kuma "an" take ɗauka ba "a" ba, misali an elusory answer, amsar da aka yi ta kewaye-kewaye ba a fito fili ba. Ni dai shawarata a hira ko a WhatsApp ka ce elusive kowa zai gane, elusory ka ajiye ta sai rubutun insha'i, shi ma sau ɗaya ya isa.